Mai Awon da Likita Ya Hana Zama

A kasuwar hatsi, aikin kowa yana da yadda yake lanƙwasa jikin mai shi. 'Yan dako a sunkuye suke yini, dillalai a tsaye suna kai da komo, direbobi a jingine da motocinsu. Mai awo kuwa aikinsa zama ne. Yakan shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, ya zauna ya miƙe ƙafafu, tsibin gero a tsakaninsu, tiya a hannu, wato kwanon awo, ya yi ta ɗiba yana juyewa tun daga hantsi har rana ta yi ja.

Haka Mainasara ya yi shekara talatin da 'yan kai. A Sakajiki aka haife shi, gidan manoma, amma gonar mahaifinsa ba ta ishi 'ya'yan gidan ba, sai ya bi motar hatsi zuwa Kasuwar Daji yana saurayi. A can wani babban mai awo, Alhaji Maccido na Zurmi, ya lura da shi, ya ga hannunsa ba ya rawa kuma idonsa ba ya bin aljihun mutane. Ya zaunar da shi kusa da shi, ya koya masa yadda ake cika tiya har ta yi tozo, da yadda ake gane geron da ya sha ruwa a rumbu tun kafin a tauna shi. Da ya ga ya nutsu, ya ba shi 'yarsa Kubura. Tun daga ranar Mainasara ya zama yaron Alhaji kuma surukinsa, kunya biyu a wuya ɗaya. Bai taɓa gaishe shi a tsaye ba. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, har gaisuwa ta ƙare.

Ya yi gida a Kaura Namoda, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Daga nan yake zagaya kasuwanni, Kasuwar Daji, Zurmi, Shinkafi ranar Alhamis, in hanya ta yi lafiya. Mutum ne mai ƙarancin magana. Abokan sana'a sukan ce in kana son jin muryar Mainasara, to ka tsaya kusa da shi lokacin da yake ƙidayar tiya, don nan ne kawai yake waƙa.

Ciwon ya fara masa kamar yadda yake fara wa mutane da yawa, da ƙaiƙayi da ɗan jini in ya zaga. Ya ce basir ne. Wane mai awo ne ba shi da basir? Ya sayi jiƙo wurin masu tallar magani da lasifika, ya sha saiwa mai ɗaci, ya zauna cikin ruwan ɗumi. Sai da zaman kasuwa ya gagara, ya koma yana karkata gefe ɗaya kamar jakin da kaya ya goce masa, sannan Kubura ta tilasta masa zuwa asibiti. Daga Kaura aka tura su Gusau, daga Gusau aka tura su Sakkwato. Can aka gaya masa sunan abin: ciwon daji ne a dubura.

Aka yi masa gashi da na'ura, aka ɗura masa magunguna masu sa amai. Ya rame, ya yi baƙi, sannan ya murmure. Ya koma kan buhunsa, ya auna geron damina biyu. A ta ukun, tun gero bai fitar da kai ba, ciwon ya dawo wurin da ya bari.

Likitan tiyatar da ya karɓe shi a wannan karon, Abdulhamid, bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce gashi ba zai sake yiwuwa ba, sai dai a yanke wurin gaba ɗaya, dubura da abin da ke kewaye da ita. Za a buɗe wa hanji wata ƙofa a gefen hagu na cikinsa, a manna jaka, ta nan zai riƙa bayan gida har ƙarshen rayuwa. Ramin da za a bari a ƙasa kuwa babba ne, kuma naman wurin ya sha gashi, ko an ɗinke ba zai haɗe ba.

"To da mi za a rufe shi?" Mainasara ya tambaya.

"Da naka," in ji likita. "Za mu ɗauko tsoka da fata daga gefen dama na cikinka, ba tare da mun yanke jijiyar da ke ba ta jini ba, mu zuro ta ta ciki, mu rufe wurin da ita. Kai ɗan manoma ne, ka san dashe. In aka ciro gero da saiwarsa aka kai shi wani gurbi, me yake so?"

"A bar shi shi kama."

"Shi ke nan. Kada ka zauna a kansa, kada ka tsuguna, kada ka durƙusa, sai ranar da na ce. Ko ka tsaya, ko ka kwanta a kan haƙarƙari. In ka danne shi, jini zai daina zuwa, naman ya mutu."

Aka yi aikin, ya ɗauki yini guda. Mainasara ya farka da ɗinki a gaba da ɗinki a baya, da wata jaka mai ɗumi a gefensa wadda ya daɗe bai yarda ya kalla ba. Kubura ce ta fara koyon canza ta wurin nas-nas, ita ce kuma ta koyi wanke ɗinkin ƙasa da duba launin fatar. Wani malami da ya zo duba ɗan'uwansa a gadon kusa ya gaya masa sallarsa ta yi, da jakar da komai, a tsaye ko a kwance, domin lalura ce. Wannan ya kwantar masa da rabin hankali.

Sauran rabin yana wurin mutane. A motar komawa Kaura, yana kwance a kujerar baya, ya ce wa Kubura, "Duk wanda yat tambaya, aikin ciki ne anka yi min. Ba ƙarya ba ce, ga ɗinki nan. Sauran kuwa, ko Baba na Zurmi kada shi ji."

"Malam, in sunka zo dubiya hwa?"

"Allah shi kawo su lahiya."

Suka zo kuwa. Maƙwabta, 'yan kasuwa, dangin Sakajiki da ƙwaryar fura, masu lodin mota. Mai gida ba ya karɓar baƙi a kwance in dai yana iya ɗaga kai, ba ya kuma tsayawa a kan dattawa suna zaune kamar mai jiran su tashi. Wanda aka yi wa aikin ciki, kowa ya sani, yana iya jingina da bango ya amsa gaisuwa. Mainasara ya yi ta juya abin a ransa, sai dabara ta zo masa. Ya sa Kubura ta murɗe tsofaffin zannuwa ta naɗa masa gammo, irin wanda mata ke ɗorawa a ka in za su ɗauki tulu, amma babba, mai faɗin faifai. In ya zauna a kai, a ganinsa, dashen yana cikin ramin gammo, ba abin da ya taɓa shi. Babbar riga ta rufe sauran.

Kubura ta naɗa, ranta bai so ba. "Likita bai ce gammo ba," in ji ta.

"Likita bai san gammo ba."

Haka ya riƙa zama a zaure, safe da yamma, yana shafa turare don tsoron jakar. Taubashinsa Alhassan, direban motar hatsi, shi ya fi kowa daɗewa in ya zo.

"Kai Mainasara, gaskiya ne abin da anka ce? Wai da likitoci sunka buɗe cikinka, gero sunka iske, duk gyaran da kah hana mata tsawon shekaru?"

"Sun iske," in ji Mainasara. "Sunka ce a kai ma Alhassan, shi ne bai taɓa ƙoshi ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, dariyar tana ja masa ɗinki kamar ana zare igiya daga bakin buhu. Gumi yana bin bayansa. In baƙi suka tafi sai ya rarrafa ya kwanta.

Wata safiya Kubura ta zo wanke wurin, ta ɗauki lokaci fiye da yadda ta saba. Da ya tambaye ta, ta ce gefe ɗaya ya buɗe, yana fitar da ruwa, kuma bakin fatar ya sauya launi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce ai na faɗa ba. Ta tashi ta haɗa kaya.

A Sakkwato, Likita Abdulhamid ya duba ya daɗe yana dubawa.

"Ka zauna," in ji shi. Ba tambaya ba ce.

Mainasara ya kalli bango. Kubura ta ce, "Bisa gammo ne, likita."

Likita ya sa ta kwatanta masa, sannan ya girgiza kai a hankali. Ya ce gammo ya fi tabarma ɓarna, domin nauyin mutum yana sauka a kewaye, ya buɗe mazaunai, ya ja ɗinkin ta kowane gefe. Ya yanke ɗan bakin da ya mutu, ya wanke, ya cusa auduga.

"Tsakiyar tana da rai, Malam Mainasara. Da ita za mu tsira. In ita ma ta mutu, sai mu koma neman tsoka a cinya, kuma ba zan yi maka alkawarin za ta kama kamar wannan ba. Wa yake sa ka zama?"

"Mutane."

"Ka gaya musu."

"Likita, wurin ba shi hwaɗuwa."

"Na sani. Amma shi naman bai san kunya ba, jini kawai ya sani."

Da suka dawo gida, Mainasara ya zaɓi hanya ta uku. Ya daina fita zaure. Duk wanda ya yi sallama, Kubura ta aika a ce yana barci. Mutum ba ya barci safe da rana da yamma, sai magana ta fara yawo. Wasu suka ce jikin ya yi tsanani ana ɓoyewa, wasu suka ce tun da ya ga manyan likitoci ya daina ganin mutane. Yana kwance a ɗaki yana jin takun masu komawa, yana gane wasu da tafiyarsu. A tsawon ransa bai taɓa mayar da mai sallama ba. Ya riƙa kallon hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa yana tsallaka daɓe a hankali, yana tunanin wane irin rai ne likita ya ceto masa, in mutum zai ƙare shi a bayan ƙyaure.

Maganar ta kai Zurmi. Alhaji Maccido ya tsufa ƙwarai, ya daɗe da barin kasuwa, kuma tun da hanyar ta lalace da 'yan bindiga bai ƙara fita garin ba. Ranar wata Talata da hantsi, sai ga shi a ƙofar gida, ya biyo ayarin motocin safe, da sandarsa da buzunsa. Kubura ta shimfiɗa masa a zaure, ta gaishe shi, ta kawo ruwa, ta shigo ɗaki hankalinta a tashe.

"Baba ne."

Wannan ba a ce masa ana barci. Mainasara ya mirgina, ya dafa bango ya miƙe, ya zura riga. Tsakar gidan 'yar ƙarama ce, amma ya ji ta yi masa faɗi. A bakin zaure ya tuɓe takalmi. Tsohon yana zaune a kan buzu, carbi a hannu, ya ƙanƙance cikin rawaninsa.

Gwiwoyin Mainasara suka fara lanƙwashewa da kansu, yadda suka saba tun yana saurayi. Sai ya ji ɗinkin ya ja, ja ɗan kaɗan, kamar yaro ya kama gefen riga. Ya tsaya a haka, rabi sama rabi ƙasa. Sannan ya kama dogaran ƙofa ya miƙe.

"Baba, sannu da zuwa. Kun zo lahiya?"

Tsohon ya dubi ƙafafun Mainasara, ya ɗaga kai a hankali har zuwa fuskarsa.

"Zamna mu gaisa."

"Baba, ba ni iyawa."

"Ciki anka ce an yanka. Ko har da gwiwa?"

Mainasara ya ji motsin Kubura a bayan asabari. Ya san in ya durƙusa yanzu, gaisuwar Alhaji doguwa ce, sai an tambayi gida da yara da kasuwa da damina, kuma ya san abin da Kubura za ta tarar in ta zo wanki. Ya san kuma kalmar da ke bakinsa ba a taɓa faɗinta tsakanin suruki da suruki ba, a gidansu ko a gidan kowa da ya sani.

"Baba, ka yahe min, zan hwaɗi abin da ba a hwaɗi gabanka. Ciwon ba ga ciki yake ba. Ga dubura yake. Daji ne, ya tahi ya dawo. Sun cire ta duka, sunka ɗebo naman cikina sunka rufe wurin. Bayan gida ta nan nike yi yanzu, cikin jaka." Ya dafa gefen hagunsa. "In niz zamna ko nid durƙusa, naman mutuwa zai yi. Na gwada, ya hwara mutuwa."

A waje wata mai talla tana kiran ƙosai. Carbin tsohon ya tsaya a tsakanin yatsunsa.

"Kuma da wanga abu kaz zamna ma mutane?"

"Na zamna."

"Don mi?"

"Kunya, Baba."

"Wa ka wanke maka wurin?"

Mainasara ya sunkuyar da kai. "Ita."

"To ɗiyata da ka gani da idonta kullum ba ta mutu ba, ni da ji kaɗai zan mutu?" Tsohon ya yi tsaki, amma muryarsa ta yi rauni. "Yaya likitan yac ce a yi?"

"Tsaye, ko kwance bisa haƙarƙari."

"Kwanta."

"Gabanka, Baba?"

Alhaji Maccido ya ɗaga murya ya ce, "Kubura, kawo tabarma da matashi biyu." Da ta kawo ta shimfiɗa, idonta jawur, sai tsohon ya jingine sandarsa, ya warware rawani ya ajiye, ya dafa ƙasa ya zame a hankali, ƙasusuwansa suna ƙara, har ya kwanta a gefensa na dama a kan buzu.

"Hanyar Zurmi ta cinye min ƙugu," in ji shi. "Ni dai na kwanta. Kai in kana so ka tsaya bisa kaina, tsaya."

Mainasara ya kwanta, suna fuskantar juna, taku ɗaya a tsakaninsu. Nan aka yi gaisuwar, tun daga farko, ba a tsallake komai ba: gida, yara, gajiya, ruwan bana. Shekara talatin yana amsa wa wannan murya idonsa a ƙasa, ya san yatsun ƙafar Alhaji fiye da fuskarsa. Yau ga fuskar dab da tasa. Ya ga tsagen kumatun sun nutse cikin tamoji, ya ga farar yana ta fara rufe idon hagu, ya ga ashe in tsohon zai yi murmushi gefe ɗaya na bakinsa ne yake fara motsi.

Suna cikin zancen geron Shinkafi sai Alhassan ya yi sallama ya leƙo. Ya ga dattijo da surukinsa a miƙe kamar buhunan da aka sauke daga mota.

"Subhanallahi! Asibitin ne ya taso ya dawo nan?"

"Shigo, sarkin surutu," in ji Alhaji Maccido. "Gidan ga an sake doka. Mai dubiya ko shi tsaya ko shi kwanta."

Alhassan ya dubi taubashinsa yana jiran ƙarin bayani. Mainasara ya gaya masa, a gajarce, kuma ya ji kalmar ta fi sauƙin fita a karo na biyu. Alhassan ya buɗe baki, wasan da ya zo da shi ya maƙale. Ya tuna tsawon zaman da ya riƙa yi a wannan zaure yana ba da dariya.

"Kai kuwa Mainasara," ya ce a hankali, "da ka hwaɗa min, ai da tsaye zan riƙa zaginka."

Daga ranar aka buɗe zaure. Ba kowa aka yi wa bayani ba, ba kowa ne kuma ya tambaya ba. An dai san Mainasara yana karɓar gaisuwa a kwance, kuma surukinsa da kansa ya kwanta a gabansa, saboda haka babu mai abin cewa. Ramin gefen ɗinkin da ya buɗe ya riƙa cikowa daga ƙasa, a hankali ƙwarai, yadda rijiya ke tara ruwa da rani. Kubura takan duba ta ce yau ya fi jiya, wata rana kuma ta ce yana nan yadda yake.

Sai bayan an yanke gero an ɗaure dammuna suka koma Sakkwato a karo na ƙarshe na wannan jinya. Zuwa dubawa kam ba zai ƙare ba, likita ya gaya masa, domin ciwon da ya taɓa dawowa ba a juya masa baya. Ɗaukar buhu ma ya ƙare, saboda tsokar da aka ɗebe a ciki. Awo kuwa zai iya, in kafinta ya yi masa tebur mai tsayin ƙugu. Likita Abdulhamid ya danna fatar da yatsa, ya saki, ya ga jini ya dawo mata nan take.

"Ya kama," in ji shi. Ya jawo kujera mai laushi. "Bismillah. Kaɗan dai, kana ƙarawa a hankali."

Mainasara ya dafa hannun kujerar ya sauka kamar mai shiga kogin da bai san zurfinsa ba. Bai ji zafi ba. Wurin dai ya ji shi baƙo, kamar ya zauna a kan tafin hannun wani. Ya dubi Kubura, ta kawar da kai tana gyara mayafi.

Ya ce ta kira masa Zurmi. Aka daɗe kafin a kai wa tsohon wayar.

"Baba, likita ya ce ya kama."

"Alhamdu lillahi. Yanzu kana tsaye ko kwance?"

"Zamne nike, Baba."

Tsohon ya ce:

"To ya isa haka nan. Tashi, kada ka yi zari."